Kek ɗin Kirsimeti a gida: wane iri za ki yi, kuma yaushe za ki gasa?

Da zarar Nuwamba ta kama, tambayar da ke yawo a bakin mata a Zuru da Yawuri da unguwannin Birnin Kebbi, musamman in an tashi daga zumuntar mata, ita ce: "Yaushe za ki gasa naki?" Wata ta ce ita tun yanzu za ta yi, don ta gani a waya cewa kek ɗin Kirsimeti sai ya yi wata biyu a ajiye kafin ya yi daɗi. Wata ta ce haba, wa zai ci kek ɗin wata biyu, ita sai ana gobe Kirsimeti. Kowacce da gaskiyarta, illa dai ba kek iri ɗaya suke magana a kai ba. Irin kek ɗin ne ke yanke ranar gashi, shi kuma irin kek ɗin, waɗanda za su ci ne ke yanke shi. In kika fara da neman rana kafin ki san iri, ko dai ki ba baƙi busasshen abu, ko ki buɗe roba ranar biki ki tarar da fumfuna.

Abin da za ki duba kafin ki sayi ko da ƙwai ɗaya

Na farko, kuma mafi nauyi a wurina: bakin wa zai shiga? A ƙasar nan abincin Kirsimeti ba ya kwana a gidan da aka dafa shi. Kafin a gama dawowa daga sujada an jera kwanuka, yara sun sha sabon ɗinki suna ta zarya: wannan na gidan Alhaji, wannan na gidan Malam, wancan na Goggo a bayan kasuwa. In Sallah ta zo su ma su rama. Kek ɗin da aka zuba wa giya ba ya shiga waɗannan kwanuka. Ba ma maƙwabta Musulmi kaɗai ba, coci-coci da dama a yankinmu suna hana mambobinsu barasa, ga ƙananan yara, ga masu juna biyu.

Na biyu, kuɗi. Farashin kiret ɗin ƙwai da mudun fulawa ba ya zama wuri ɗaya, balle in Disamba ta shigo kowa ya nufi kasuwa. Don haka da yawan kayan haɗi za mu auna, ke kuma ki buga lissafinki da farashin kasuwarku. Ga mai awo da gwangwanin madara, giram 250 na fulawa kusan gwangwani uku ne a shafe, giram 250 na sukari kuma bai cika gwangwani biyu ba. Botar leda da aka saba yin kek da ita giram 250 ce.

Na uku, daɗewa, kuma a nan ne yanayin garinmu ke shigowa. Hunturu na taimaka wa mai ajiyar kek ta wani gefen, tunda iska a bushe take, fumfuna ba ta samun laimar da take so. Ta ɗaya gefen kuma shi ne ke zuƙe ruwan jikin kek: ki bar yanka ɗaya a faranti da hantsi, kafin la'asar ya zama abin jiƙawa a shayi. Sannan sanyin namu na dare ne da asuba. Da rana, ko a tsakiyar Disamba, zafi kan haura digiri 30 a ma'aunin salshiyas.

Na huɗu, wutar da kike da ita. Mai obin ɗin gas, da mai na lantarki da ke zaman jiran a kawo wuta, da mai tukunya da yashi a kan kurfoti, kowacce da abin da za ta iya. Akwai kek ɗin minti 20, akwai na awa huɗu.

Sai haɗari, wanda ya haɗa da fumfuna, bushewa, kiyashi, ƙonewar gindi alhali ciki ɗanye. Ki ƙara da yaran gida, don duk kek ɗin da zai yi mako uku a ɗaka sai an nemo masa maɓoya.

Na ɗaya: baƙin kek na Turawa, mai giya

Wannan shi ne wanda ake nufi in an ce a gasa tun wata biyu kafin biki. Al'adar mutanen Ingila ce, ta kuma bazu zuwa ƙasashen da suka yi wa mulki. A Jamaika har wata da watanni ake jiƙa busassun 'ya'yan itacen a cikin giya kafin a kwaɓa. A gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20, fulawa da bota da sukari mai ruwan ƙasa kowanne wajen giram 225 ne, ƙwai huɗu, amma busassun 'ya'yan itace sun kusa kilo guda: zabibi iri-iri, ɓawon lemu da aka dafa da sukari, da makamantansu. Fulawar aikinta kawai ta riƙe su. Ana jiƙa su a giyar da ake kira burandi su kwana, a gasa a wuta can ƙasa, wajen digiri 140, na awa huɗu ko fiye, a naɗe bayan gwangwanin da takarda don kada gefe ya ƙone. In ya huce a huhhuda shi da tsinke, duk mako ɗaya ko biyu a zuba masa cokali ɗaya ko biyu na burandi, a sake naɗewa.

Abu biyu ne ke sa ya daɗe. Sukarin da ke cikinsa da na zabibin suna riƙe ruwa, ba sa barin wanda fumfuna za ta rayu a kai. Giyar da ake ƙara masa kuma tana hana ƙwayoyin cuta sakat, tana kuma hana shi bushewa. Shi ya sa yakan yi wata biyu zuwa uku lafiya lau, daɗinsa ma ƙaruwa yake.

A kuɗi shi ne mafi tsada, da tazara mai yawa. Haɗin 'ya'yan itacen nan daga waje ake kawo shi, sai manyan kantuna a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga kuɗin kwalbar burandi, ga gas ko gawayin awa huɗu. Ga wadda ke Gusau ma samun burandin kansa aiki ne, tunda an hana sayar da barasa a Zamfara tun da aka fara aiki da shari'a a 2000. A wahala ma shi ne gaba. Riƙe wuta ƙasa-ƙasa awa huɗu a kan gawayi sai wadda hannunta ya faɗa sosai, obin ɗin lantarki kuma in aka ɗauke wuta a awa ta biyu an yi asarar kayan tsada.

Game da rana, kada ki bi masu cewa Oktoba. Su a Landan zafin rana a Nuwamba bai cika wuce digiri 11 ko 12 ba, ɗakin ajiyarsu a sanyaye yake. Mu kuwa a Oktoba damina ba ta gama tattara kayanta ba, musamman a kudancin jihar Kebbi wajen Zuru da Yawuri, ga zafi ga laima. Ki jira hunturu ya zauna. Su kansu Turawan suna da wata Lahadi da ke faɗowa tsakanin 20 da 26 ga Nuwamba, wadda a al'adance iyali ke taruwa a kwaɓa kayan zaƙin Kirsimeti. Wannan makon ya yi mana daidai: mako huɗu zuwa biyar sun ishe shi ya nuna.

Akwai maganar da ake yi wai wuta na ƙone giyar duka. Ba haka ba ne. Wani kaso na wadda aka gasa da ita yana saura, wadda ake zubawa bayan gashi kuwa ko kusa da wuta ba ta je ba. Ranar da Hajiya maƙwabciyarki ta leƙo barka da shan biki, ta ce, "Maman yara, wannan baƙin kek ɗin me aka sa masa yake irin wannan ƙamshi?" ya kamata ki iya ba ta amsa ba tare da kame-kame ba. In kin yi shi, na cikin gida ne, na manya, kuma a faɗa wa duk wanda aka miƙa wa.

Na biyu: kek ɗin dabino da zabibi, babu giya

Ni dai wannan nake fifitawa, kuma ina ganin shi ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Yana da duhun nan da nauyi da ƙamshin kayan yaji da ke sa a san kek ɗin biki ne, amma kowa na iya ci, kuma rabin kayansa suna kan teburin mai dabino a kowace kasuwa ta jihar nan daga Kamba har Riba.

Ga awon gwangwani mai santimita 20: dabinon da aka cire wa ƙwallo giram 500, zabibi giram 250, bota leda ɗaya, sukari gwangwanin madara ɗaya kacal tunda dabino ya riga ya kawo zaƙi, ƙwai huɗu, fulawa gwangwani uku, ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda, da garin kirfa, gyaɗar ƙamshi, citta da ɗan kanumfari. Kanumfarin a yi hankali da shi, yana danne sauran.

Aikin dabinon ne ke cin lokaci. Busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga Nijar ya fi araha kuma yana yi, amma sai kin zauna da tire kin fasa kowanne da hannu kin duba cikinsa. Wani za ki tarar da ɗan gari-gari baƙi a jikin ƙwallon, alamar ƙwaro ya riga ki. Ki jefar, kada ki ce za ki kakkaɓe. Ki wanke ƙurar, ki yayyanka ƙanana. Sai ki dafa baƙin shayi mai kauri kofi ɗaya da rabi, ba madara, ki zuba dabino da zabibi da bota da sukari a ciki, ki bar su su yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta kamar minti goma, har dabinon ya saki jiki ya sha ruwan. Ki sauke ya huce sosai kafin ki fasa ƙwai, in ba haka ba ƙwan zai dahu a ciki. Daga nan fulawa da kayan ƙamshi, a juya da muciya. Babu bugun bota da sukari, babu buƙatar injin bugu, wanda ga mai yin kek karon farko ba ƙaramin sauƙi ba ne. In kina son ya ƙara duhu, ki ƙona sukari cokali uku a busasshiyar tukunya har ya yi ja sosai, ki tsiyaya ruwan zafi kaɗan daga nesa don yana fantsama, ki haɗa.

Gashinsa wajen digiri 150 ne, kimanin awa biyu. Ki soka tsinken sakace a tsakiya. In ya fito babu ɗanyen ƙullu ya yi, danƙon dabino ba laifi ba ne. Da zafinsa ki shafe samansa da zuma cokali biyu da aka ɗumama, sau ɗaya tak. Ki bar shi ya kwana a buɗe a ƙarƙashin kwando ko rariya, don in kika rufe shi da sauran ɗumi zai yi gumi, gumin nan kuwa shi ne mafarin lalacewa. Washegari ki naɗe da takardar gashi, ki ƙara leda, ki sa a roba mai murfi, ki ajiye a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa. Saboda kiyashi, ki ɗora robar a kan kwano a tsakiyar tire mai ruwa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauko tsarin na Turawa a ce za a riƙa zuba masa ruwan lemu duk mako a madadin burandi. Ruwan lemu ba ya tsare komai, laima kawai yake ƙarawa, kuma a zafin ranarmu mako ɗaya ya isa ki ga fari-fari ya fito. Kek ɗin da babu giya ba a shayar da shi, kuma ba ya wata biyu. Ki ba shi kwana 10 zuwa 14 a ajiye, ki tsaya nan.

Daga wannan lissafin ne ranarsa ke fitowa. Yana buƙatar kwana huɗu ko biyar kafin ƙamshin ya ratsa shi ya kuma yi laushin yanka, don a ranar farko marmashewa yake. In Kirsimeti kaɗai kike nufi, ki gasa tsakanin 14 da 18 ga Disamba. In kina son ya kai ku sabuwar shekara, ki matsa zuwa 19 ko 20. Wani amfanin kuma, kin gama da shi kafin hayaniyar makon ƙarshe, kafin kuma masu ƙwai su gane kowa na nemansu.

A kuɗi yana tsakiya: ya fi farin kek tsada saboda dabino da zabibi da gashin awa biyu, amma bai kama ƙafar na farko ba. Kuma yana da auki, tunda siriri ake yankawa. Gwangwani ɗaya kan ba da yanka fiye da 20. Masu son gyaɗa ko kashu a ciki su soya su sama-sama tukuna, su kuma tabbata sabbi ne, don tsohuwar gyaɗa ɗaya tana iya ɓata baki.

Na uku: farin kek da muka saba

Shi ne na suna da biki da zagayowar ranar haihuwa: bota, sukari da fulawa giram 250 kowanne, ƙwai huɗu ko biyar, bekin foda, gyaɗar ƙamshi, ɗan madara. Kayansa duka suna shagon unguwa, shi ne mafi araha, yara kuma shi suka fi so. Da yawansu in an ba su baƙin kek sai su tsince zabibin su bar sauran.

Wahalarsa a bugu take. Sai an buga bota da sukari har sun yi fari sun tashi, wanda da muciya yakan ci minti 20 zuwa 30 na aikin dantse. Kada ki fara da sassafe a hunturu, botar ta daskare, za ki gaji a banza. Ki bari rana ta ɗaga, ko ki ɗora robar botar a kan ruwan ɗumi ta yi laushi ba tare da ta narke ba. Gashi digiri 170 zuwa 180, minti 45 zuwa awa ɗaya. Ya yi wa tukunyar yashi daidai.

Rauninsa shi ne ba ya jira. Babu 'ya'yan itacen da za su riƙe masa laima, don haka daga kwana na uku ya fara sauka, a kwana na biyar ko shida sai dai a ci don kada a zubar. Firji ba ya ceton sa, ƙara masa tauri ma yake, saboda sanyin firji na hanzarta tsufan duk abin da aka yi da fulawa. Firiza ce ke tsayar da shi, har wata biyu ko uku in an naɗe da kyau, amma fa firizar da ba ta narkewa. Wadda ke daskarewa yau ta saki gobe ta fi ajiyar ɗaka haɗari. In kuna da sola mai riƙe ta dare da rana, kina iya gasawa tun farkon Disamba ki fito da shi ranar 24 ya saki a cikin ledarsa. In babu, ranarsa 22 ko 23 ga wata.

Ban ce 24 ba da gangan. Jajibirin Kirsimeti ranar yanka ce da gyaran kaji, da suyar nama, da karɓo ɗinki wurin tela, da kitso, da sujadar dare ga masu yi. Kek ɗin da aka gasa a tsakiyar wannan, da ido ɗaya a kan tukunyar miya, shi ne ke ƙonewa.

Na huɗu: ƙananan kek na rabo, da saye wurin mai sana'a

Ƙullun farin kek ne aka zuba a ƙananan gwangwanaye. Awon giram 250 kan ba da guda 16 zuwa 20, gashi minti 20 zuwa 25, kuma in zubi ɗaya ya ƙone ba duka aka rasa ba. Don rabo babu kamarsu: biyu ko uku a leda tare da cincin, an sallami gida guda, ba yanka ba marmashi. Sai dai sun fi kowane saurin bushewa, kwana biyu zuwa uku ne ƙarshensu, don haka yammacin 23 ga wata ne lokacinsu, a ƙulle a leda da zarar sun huce. Ki nemi gwangwanayen alminiyom na kek a kasuwa, sun fi tsofaffin gwangwanayen madara da tumatir masu tsatsa.

Saye kuwa yana da tsada, amma ya ɗauke miki komai. Ki ba da oda tun farkon Disamba, ki tambayi ranar da za a gasa, ba ranar da za a ba ki kaɗai ba, ki kuma tambaya kai tsaye ko ana sa giya, don wasu masu kek ɗin biki suna zubawa saboda ya daɗe.

| Iri | Ranar gashi | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Baƙin kek mai giya | 20–26 ga Nuwamba | Mafi tsada | Wata 2–3 | Gashin awa 4, kulawa duk mako | Ba ya raɓuwa ga kowa, ƙonewa |
| Na dabino da zabibi | 14–20 ga Disamba | Matsakaici | Kwana 10–14 | Gyaran dabino, gashin awa 2 | Fumfuna in an rufe da ɗumi |
| Farin kek | 22–23 ga Disamba | Araha | Kwana 4–5 | Bugun bota | Bushewa |
| Ƙananan kek | 23 ga Disamba | Araha | Kwana 2–3 | Zubi da yawa | Bushewa da wuri |
| Na saye | Oda tun farkon wata | Tsada | Ya danganta da iri | Babu | Tsohon gashi, giya a ɓoye |

Ga mai tukunya da yashi

Tunda yawancinmu da ita muke gashi, ta cancanci a tsaya a kanta. Ki samu babbar tukunya mai kauri, ki zuba wankakken yashi busasshe kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki ɗora ƙananan duwatsu uku ko wayar murhu a kai don kada gwangwanin ya zauna a kan yashin kai tsaye. Ki rufe ta yi zafi minti 15 kafin kek ya shiga. Gwajin da iyayenmu ke yi har yanzu yana aiki: a barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani a sa a ciki. In ta yi ruwan zuma a cikin minti biyar, wutar ta yi wa farin kek. In ta yi baƙi, a rage gawayi. Ga na dabino ana son ta ɗan sauya launi kawai.

Zafin tukunya daga ƙasa yake zuwa, shi ya sa gindi ke ƙonewa sama na fari fat. Maganinsa a rage garwashin ƙasa bayan rabin lokaci, a kwashi kaɗan a ɗora a kan murfi. Kada ki buɗe a minti 30 na farko in babban kek ne, zai faɗa a tsakiya. Ki kuma kare kurfotin daga iskar hunturu, don tana hura garwashi wuta ta tashi ba ki sani ba. A nan sauri kan haifi nawa: mai ƙara gawayi don a gama da wuri ita ke sake kwaɓi. In na dabino za ki yi a tukunya, ki raba ƙullun gwangwani biyu marasa zurfi, kowanne ya gasu a awa ɗaya da 'yan mintuna, ya fi sauƙin sarrafawa.

Kwalliyar sukari ko ta bota, kowane iri kika zaɓa, sai ranar 23 ko 24. Ta bota ba ta son zafin rana, kuma ƙura na manne mata.

Wanne ne naki?

In gidanku gidan rabo ne, kwano goma ko ashirin ke fita, ki yi ƙananan kek ranar 23, awo biyu ko uku gwargwadon gidajen, ki haɗa da cincin da kika soya tun mako guda kafin nan.

In baƙi kike jira, 'yan'uwa daga Kaduna ko Abuja da za su yi ta shigowa daga Kirsimeti har sabuwar shekara, na dabino ne naki, a gasa 19 ko 20 ga wata. Haka ma in tafiya za ki yi da shi ƙauye: ba ya farfashewa a mota, ba ya neman firji.

Mai aikin gwamnati ko 'yar kasuwar da makon ƙarshe ba nata ba ne, ita ma na dabino, a Asabar ɗin da ta faɗo tsakanin 14 da 20. In tana da firiza mai tsayayyar wuta, farin kek tun farkon wata ma ya yi.

In kuɗi sun yi ƙasa bana, ko wannan ne karonki na farko da tukunyar yashi, farin kek ɗaya ranar 22. In ya ƙi, kina da ranar 23 ki sake.

Baƙin kek mai giya kuwa na gidan da manya ne kaɗai za su ci, cocinsu bai hana ba, akwai obin ɗin gas mai riƙe ƙaramar wuta, kuma aljihu zai ɗauka. Ki gasa a makon 20 zuwa 26 ga Nuwamba, ki ajiye shi a robarsa daban da alama a jiki, sannan ranar 23 ga Disamba ki yi farin kek ko ƙanana saboda yara da kwanukan maƙwabta.